Da gaske mace ba ta zaɓen mace? Amsa ga wata 'yar'uwa daga Garwa

Tambaya: Salamu alaikum Malama. Ni tela ce a Garwa. Mun yi gardama da ƙanin mijina, ya ce mata maƙiyan juna ne, wai a Amurka mata sun fi maza yawa amma sau biyu mace ta tsaya takarar shugaban ƙasa ta sha ƙasa, nan gida Kamaru ma mace ta tsaya a 2025 ba wanda ya kula ta. Na rasa abin ce masa. Dan Allah da gaske mace ba ta zaɓen mace?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da aiki. Ƙanin mijin naki ya kama bakin zaren amma ya ja shi inda ba nan ba. A 2016 da Hillary Clinton ta kara da Trump, ƙididdigar da ake yi wa mutane a bakin rumfar zaɓe ta nuna kusan 54 cikin 100 na mata ita suka zaɓa, a 2024 ma kusan 53 cikin 100 Kamala Harris suka ba. Kenan da mata kaɗai ne suka yi zaɓen da duka biyun sun haye. Amma ga abin da zai ba ki mamaki, Joe Biden da yake namiji ya samu wajen 57 cikin 100 na ƙuri'un mata a 2020, ya fi su biyun. Kin ga ashe ba ɗankwali matan ke dubawa ba, jam'iyya suke bi, don duka ukun 'yan jam'iyyar Dimokurat ne.

Kuma wannan rabuwar kai tsakanin maza da mata ba tun fil azal take ba. Matan Amurka sun samu 'yancin zaɓe a faɗin ƙasar a 1920, a shekarun 1950 ma sun ɗan fi maza karkata wajen Rifablikan, jam'iyyar su Trump. A 1980 ne, zaɓen Reagan na Rifablikan da Carter na Dimokurat, aka ga tazarar ta fito ƙarara, mata suka ba Reagan ƙasa da abin da maza suka ba shi da wajen maki 8, daga nan har yau mata sun fi maza karkata ga Dimokurat a kowane zaɓen shugaban ƙasa. A shekarar ce Rifablikan ta janye goyon bayan da ta daɗe tana ba gyaran tsarin mulki na daidaita haƙƙin maza da mata, ta kuma tsaya kai da fata kan adawa da zubar da ciki. Wadda ta jagoranci yaƙi da wancan gyaran kuwa mace ce, Phyllis Schlafly, tana cewa zai ƙwace wa matar aure gatan da take da shi a gidan miji, kuma mata da yawa suka bi ta da zuciya ɗaya.

Toh nan ne gizo ke saƙar. Masu bincike a can ba sa tsayawa kan "ke mace ce ko namiji", sai su tambayi mutum misali, kana ganin har yanzu ana danne mata a wajen aiki? Matan da ke kai ƙarar cin zarafi gyara suke yi ko ƙara rikici? Kina ɗaukar kanki cikin masu rajin haƙƙin mata, feminis ɗin nan da ake ta faɗa? Amsar waɗannan ta fi jinsin mutum nuna inda ƙuri'arsa za ta faɗa, kuma a 2016 abin ya fi ƙarfi a kan zaɓen 2012. Namijin da ke ganin ana zaluntar mata Hillary ya bi, macen da ke ganin 'yan rajin nan sun wuce gona da iri kuma suna raina zaman aure da tarbiyya, Trump ta bi, ba don ta tsani 'yar'uwarta ba, abin da ta yi imani da shi ta zaɓa. Shi ya sa sama da 90 cikin 100 na mata baƙar fata suka zaɓi Hillary da Kamala, su kuwa fararen mata fiye da rabi suka tafi wajen Trump a ƙididdigar, musamman matan aure masu riƙo da coci. Ko da kotun ƙoli ta soke 'yancin zubar da ciki na ƙasa baki ɗaya a watan Yunin 2022, an zata mata za su yi tururuwa wajen Kamala, sai ga shi tsadar kayan masarufi ta fi damun da yawansu.

Mu dawo gida, don ni nan ne abin ya fi ci min rai. Kah Walla ta tsaya a 2011 ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, a Chadi Lydie Beassemda ta tsaya a 2021, sai Hermine Patricia Tomaino Ndam Njoya, magajiyar garin Fumban, ita kaɗai ce mace cikin 'yan takara 12 ranar 12 ga Oktoban 2025. Amma ai a wannan zaɓen akwai maza da dama da su ma ba su taɓuka komai ba, wa ya ce maza maƙiyan juna ne? Gwabzawar tsakanin Paul Biya ne da Issa Tchiroma ɗan nan Garwa, kuma ke shaida ce, abin da ke bakin mutane a unguwa shi ne ɗan gida, aikin yi, hanya, wuta da ruwa. Ƙaramar jam'iyya wadda ba ta da wakili a kowace rumfa, ba ta da kuɗin zagaye tun daga Kusiri har Ngaundare, ko mace ta tsayar ko namiji ba za ta je ko'ina ba.

Matsalarmu mu mata ta fara tun kafin ranar zaɓe. Akwai wata maƙwabciyata mai tuyar ƙosai, shekararta sun haura 40, ta haddace duk abin da ake faɗa a rediyo kan 'yan takara, tana juya ƙosai tana zayyana min wanda ya yi alkawarin burtsatse bai cika ba, amma ranar zaɓe tana bakin kaskonta. Ba a yi mata takardar haihuwa ba, ba takardar haihuwa ba katin ɗan ƙasa, ba katin ɗan ƙasa kuma rajistar zaɓe ta gagara. Wata kuma tana da katin, amma yana cikin jakar maigida, ya tafi cin kasuwa da shi. Wallahi irin waɗannan sun fi a ƙirga a garuruwanmu. Waɗanda suke da katin kuma sai lokacin kamfe ake tunawa da su, a raba atamfa mai hoton ɗan takara, ke kanki na san kin kwana kan keke kina ɗinka ta, a cika fili da guɗa, amma wajen tsara jerin 'yan takara sai a sa sunan mace can ƙasa don a cika sharaɗin doka. Duk da haka an samu ci gaba, bayan zaɓen 2020 mata 61 ne cikin 'yan majalisar dokoki 180.

In ya sake tada maganar, ki tuna masa da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya da aka yi ta ɗaurewa saboda ta dage sai matan arewacin Najeriya sun yi zaɓe, abin da bai samu ba sai a shekarun 1970. Sannan a zaman adashinku na gaba ki tambayi matan ɗaya bayan ɗaya wa ke da takardar haihuwa, wa katinta ke hannunta, wadda ta cika shekara 20 ba ta yi rajista ba ku sa rana ku raka ta ofishin hukumar zaɓe ta ELECAM idan an buɗe rajista a watan Janairu.