Za mu iya sakin balan-balan ɗin binciken yanayi daga Agege?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Agege, nan Legas. Ɗalibaina sun ga bidiyon wasu yara a Turai da suka ɗaura kyamara da na'urori a jikin balan-balan, ya tashi har aka ga sama ta yi baƙi. Sun tasa ni gaba sai mu ma mun yi. Me ake aunawa da shi, kuma za mu iya sakinsa daga filin makarantarmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaran nan albarka. Aikin mai yiwuwa ne, kuma ina son ku yi shi, amma ba daga filin makarantarku ba.

Balan-balan ɗin na roba ne mai taushi, ana hura masa iskar hiliyom ko haidirojin, waɗanda suka fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi. A ƙasansa akwai igiya mai tsawo, sai ƙaramar lemar sauka, sai akwatin na'urori a can ƙarshe. Na masu hasashen yanayi ana ce masa radiyosond: yana auna zafi da danshi da matsin iska, GPS ɗinsa kuma yana nuna inda iska ke kai shi, daga nan a san ƙarfinta da inda ta dosa. Tashoshi ɗaruruwa a duniya suna sakinsa sau biyu kullum a lokaci guda, wanda ya yi daidai da ƙarfe 1 na dare da 1 na rana agogon Najeriya.

Yana hawa mita 5 a daƙiƙa, wato kimanin mita 300 a minti. Yana hawa matsin iska na raguwa, shi kuma yana kumbura. Wanda kuka saki da faɗin mita 2 ko ƙasa da haka zai kai mita 6 zuwa 8, girman babban falo, kafin ya fashe a wajen kilomita 30 ko sama, bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A wurin, matsin iska kimanin kashi 1 cikin 100 ne na wanda ke bakin teku.

Abin da zai fi burge ɗalibanka shi ne lissafin zafi. Kowace kilomita ɗaya zafi na sauka da kimanin digiri 6.5. A saman Legas, inda gumi ke jiƙa mana riga tun hantsi, idan an kai kilomita 16 zuwa 17 sanyi yakan kai digiri 80 ƙasa da sifili. A tsayin nan saman ƙasashe masu zafi ya fi saman Turai sanyi. Daga nan sai abin ya juya, zafi ya fara ƙaruwa, saboda iskar ozon da ke can tana tsotse wani ɓangare na hasken rana. Wani Bafaranshe, Léon Teisserenc de Bort, shi ya bayyana wannan iyaka a 1902, bayan ya saki balan-balai masu yawa daga Trappes kusa da Paris. Yaron da ya zana wannan lanƙwasa da alkaluman da ya auna da kansa ya riƙe darasin ke nan.

To, me ya hana Agege? Ɗaga kai, Malam. Jiragen da ke sauka a filin jirgin Murtala Muhammed ta saman unguwarku suke bi, ƙasa-ƙasa, har kana iya ganin tayoyinsu. Akwati mai batir da igiya mai tsawo a kan wannan hanya ganganci ne da rayukan mutane. Ko'ina za ku sake shi a ƙasar nan, sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da kuma sanin NAMA mai kula da sararin samaniya, wadda za ta sanar da matuƙa jirage wuri da lokaci. Ku riƙe akwatin da sauƙi: a ƙa'idar duniya, kayan da bai kai kilo 4 ba ne ake sa wa cikin rukunin marasa nauyi, ku kuwa kilo 1 ya ishe ku.

Matsala ta biyu ita ce inda zai faɗo. Da damina iskar ƙasa daga teku take zuwa, daga kudu maso yamma, amma a sama akwai iska mai ƙarfi daga gabas, ɗaya wajen kilomita 3 zuwa 4, wata kuma can sama da kilomita 12. Su ne za su iya ja shi yamma, ya wuce Badagry ya tsallaka Seme ya faɗa Jamhuriyar Benin. Da hunturu kuma iskar arewa maso gabas na iya tura shi cikin Tekun Atlantika. Ga tafkin Legas, ga wayoyin lantarki, ga rufin gidaje ba iyaka. Ku nemi fili a cikin ƙasa, nesa da teku da filayen jirgi. Akwai manhajoji kyauta a intanet da ke hasashen inda zai sauka idan ka ba su wuri da rana. Ku gwada kwanaki da yawa kafin ku tsayar da rana.

Wajen haɗa akwatin, farar kumfar nan da ke cikin kwalin sabuwar talabijin ta wadatar wajen tare sanyi. Batir na litiyom za ku sa, na tocila yakan mutu a sanyi. Ku bincika GPS ɗin da kyau, domin da yawa suna daina ba da bayani a kilomita 12 ko 18 idan ba a saita su ba. Wayar hannu ba ta samun sabis a can sama, sai an sauko, don haka kuna buƙatar ƙaramin rediyo mai aiko da bayani. Hiliyom na da tsada, amma kada kuɗi ya sa ku haɗa haidirojin da kanku da soda da aluminiyom a gaban yara. Tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da wuta.

Shawarata, ku fara da rubuta wa NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya. Suna da cibiyar horar da ma'aikatan yanayi a Oshodi, ba nisa daga gare ku. Ku roƙi ziyara, ɗalibai su ga na'urorin da idonsu, ku kuma nemi tsofaffin alkaluman saman Legas su fara zana su a aji. A wasiƙar neman izini kuma ku rubuta nauyin akwati, irin iskar da za ku hura, wurin saki, rana da awa, da inda kuke hasashen zai sauka.