Amsa ga Malamin da Ɗalibansa Suka Kasa Haɗa Sakin Layi da Turanci

Malam, tambayarka ta taɓa ni ƙwarai, domin abin da ka bayyana, wato ɗaliban jami'a masu iya haɗa jimlar Turanci amma idan aka ce su rubuta sakin layi sai su zuba ra'ayi huɗu ko biyar a wuri guda ba kai ba gindi, shi ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ka ce kana raba dare kana gyaran nahawu da jan biro, kuma ba ka ganin sauyi. A 1996 wani masanin koyar da harshe, John Truscott, ya kawo hujjar cewa irin wannan gyara ba ya amfanar mai koyon harshe na biyu, wata masaniya, Dana Ferris, ta mayar masa da martani a 1999, kuma muhawarar ba ta mutu ba har yau. Ban bi Truscott ɗari bisa ɗari ba, amma na yarda cewa ɗalibin da aka mayar wa takarda jawur ba ya ganin komai sai kunyarsa.

Wannan ne ya haɗa ni da wani babba a sashenmu. A zaman tantance sakamako ya ɗauki takardar wata ɗalibata yana karantawa da ƙarfi, yana tsayawa yana dariya a duk inda ta manta "the", sannan ya tambaye ni a gaban abokan aiki ko me nake yi a aji. Yarinyar nan a farkon zango ba ta iya tsayawa kan magana ɗaya ba, amma a takardar da yake wa ba'a ta kafa jigo, ta kawo hujja biyu, ta ɗaure su da misali. Bai ga wannan ba, bai ma nemi gani ba, kuma babu wanda ya buɗe baki ya kare ni. Mutumin da ya daɗe rabonsa da duba rubutun 'yan aji ɗaya! Har yanzu idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Ka fara da jimlar jigo, wato jimlar da ke ɗauke da babban ra'ayin sakin layi, kuma ka dage ta zama magana da wani zai iya musantawa. "Intanet tana da amfani da illa" ba ta ɗauke da matsayi, shi ya sa duk abin da ya biyo bayanta yake watsewa. Ina kuma yanka kyakkyawan sakin layi jimla-jimla, in cusa baƙuwar jimla guda, ɗalibai su jera da kansu su fitar da wadda ba ta da gurbi. Gardamar da suke yi a nan ta fi bayanina amfani. Ka hana su "moreover" da "furthermore" na ɗan lokaci, domin suna liƙa su ne don rufe rashin alaƙa tsakanin jimloli. A gefen takarda tambaya biyu nake rubutawa: me ya sa, kuma ta yaya ka sani?

Tun fitowar ChatGPT, wato fasahar kwamfuta mai iya yi wa mutum rubutu, a ƙarshen 2022 na daina dogara da aikin gida. A gabana suke rubuta zubin farko da hannu. Kada kuma matsin manhajar karatu ya sa ka tsallaka zuwa cikakkiyar maƙala, ka bar su su sake rubuta sakin layi ɗaya har ya tsaya, sannan ka zaɓi kuskuren nahawu iri biyu kacal ka yi musu alama su gyara da kansu.