Shagon gem a cike da yara, aljihu babu komai: ina kuɗin ke zuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gyaran waya a Rijiyar Lemo, Kano. Wata huɗu ke nan da na sayi tsofaffin kwamfutoci shida na gwanjo, masu ƙaton allon nan irin na da, aka sa min wani gem na kyauta a cikinsu, wanda ake harbin jirage suna saukowa daga sama. Na jera su a ɗakin da ke jikin shagona, minti 20 naira 100. Ɗan yayata ke kula da wurin daga la'asar zuwa tara na dare. Kullum a cike, har layi ake yi, amma abin da yake kawo min bai wuce 3,000 ba. Tunda gem ɗin kyauta ne, ina ganin kwamfutocin ne suka yi kaɗan. Wani ya ce zai ba ni bashin 400,000 in ƙaro goma. In karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka karɓa. Tulunka yana yoyo, kai kuma kana neman a ara maka kuɗin haƙa rijiya ta biyu.

Ɗauko biro mu yi lissafi da alƙalumanka, ba nawa ba. Kwamfuta ɗaya tana kawo 300 a awa, shida 1,800 ke nan. Cire lokacin magariba da isha'i, a ce awa huɗu ake wasa. Idan da gaske a cike wurin yake, 7,200 ya kamata ka gani a dare. Kana ganin 3,000. A cikin dogon saƙonka ba ka tambayi inda ragowar ke maƙalewa ba, sai batun ƙaro goma. Ba ka kuma ambaci mai ba. Tsofaffin allunan nan masu ƙusumbi cin wuta gare su, shida tare da fanka za su sa janareta ya sha kusan lita ɗaya a awa, kuma ka fi ni sanin abin da lita ta zama tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Duk daren da aka ɗauke wuta, daga kuɗin gyaran waya kake ciyar da ɗakin nan.

Kalmar "kyauta" ce ta ruɗe ka. Gem ɗin ba shi ne hajarka ba. Kujera da wuta da minti 20 kake sayarwa, kuma a shagonka babu mai ƙirga mintin.

Irin wasan da aka sa maka, asalinsa ba don wasa a ɗaka aka yi shi ba. A 1972 kamfanin Atari ya ajiye akwatin wasansa na Pong a wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya, don gwaji. Ba a daɗe ba mai wurin ya kira ya ce na'urar ta lalace. Da Allan Alcorn, injiniyan da ya haɗa ta, ya buɗe, sai ya tarar kwandaloli ne suka cika ma'ajin har suka toshe hanya. Space Invaders na 1978, kakan wannan naka na harbin jirage, da Pac-Man na 1980, duk a kan wannan dabarar aka gina su: ka jefa kwandala, a ba ka rai uku, ka mutu, ka sake jefawa ko ka matsa wa na bayanka. Masu irin waɗannan akwatuna har mita suke sawa a ciki tana ƙirga kowace kwandala, don ran da aka zo kwasa a gwada kuɗin da lambar. Da kwamfutocin gida irin Commodore 64 suka fito a 1982, wasannin suka bi mutane ɗaka. Ana loda su daga kaset, wasu ma mujallu ke buga su kyauta yaro ya zauna ya kwafa da hannunsa. A ɗaka babu kwandala, yaro zai iya mutuwa sau ɗari ya sake farawa har gari ya waye. To na ɗakan aka sa maka. Ka ɗauko wasan kasuwa wanda aka cire wa ramin kuɗi, ka maye gurbin ramin da ɗan yayarka.

Ramin kwandala ba shi da aboki, ba ya jin kunyar kowa. Ɗan yayarka kuwa a unguwar ya tashi. Ban ce ɓarawo ba ne, kuma kada ka je gidan yayarka da wannan maganar. Na fi zaton abin da ke faruwa shi ne: wannan ajinsu ɗaya, wancan ƙanen abokinsa ne, wani ya ce "bari in ƙarasa wannan ran", minti 20 ta zama 35, wani ya ce gobe zai kawo. Shi kansa yana kan kwamfuta ɗaya rabin dare. Cikar da kake hangowa daga teburin gyaranka rabinta 'yan kallo ne da 'yan alfarma.

Na taɓa ganin irin wannan a Zariya, wajen wani mai gidan kallon ƙwallo da ya sa ƙanen matarsa a ƙofa. Shekara guda yana kuka da tsadar mai da kuɗin tashar. Wani dare da ake babban wasa na ce ya ba ni kujera a baya. Benci goma sha biyu ne, kowanne mutum shida, ban da na tsaye a jikin langa-langa. Na ƙirga sau biyu. Da aka tashi yaron ya juye leda a kan tebur, kuɗin mutum arba'in da ɗaya. Maigidan ya daɗe yana kallon ledar, sannan ya ce min, "Malam, surukuta ce, ya zan yi?" Bai yi komai ba. Bayan wata biyar talabijin ɗin ma sai da aka sayar, surukutar da yake tattali kuma ta lalace a kan rabon kuɗinta.

Abin da za ka yi ba ya buƙatar bashi. Ka je wurin masu buga katin biki su buga maka tikiti mai lamba a jere, kamar na 'yan tasha. Kuɗi a teburinka ake biya, kai ke yaga tikiti, shi aikinsa ya karɓi tikiti ya zaunar da yaro ya rubuta lokacin a jiki. Mai karɓar kuɗi daban, mai ba da kujera daban. Agogon bango guda, babba, inda kowa ke gani, don kada gardamar minti ta koma gardama da shi. Littafi ɗaya na 'yan makaranta: lambar tikitin farko da ta ƙarshe, ƙarfe nawa aka tayar da janareta, ƙarfe nawa aka kashe, lita nawa aka zuba. Sannan ka yanka wa yaron nan albashi, ko kaɗan ne, ka ba shi rabin awarsa ta wasa bayan an tashi. Wanda ba a biya yakan biya kansa. Idan abokansa sun matsa, ya ce kawu ne ya hana, ka ɗauke masa nauyin kunyar.

Abu biyu a gurguje. Ka sa wanda ya loda maka gem ɗin ya karanta maka sharaɗinsa, domin da yawa daga na kyautar nan don wasa a gida aka yarje su, ba don a karɓi kuɗi a kansu ba. Kuma ka kori duk yaron da ya shigo da allo ko jakar Islamiyya a lokacin karatu, tun kafin iyaye su kai ka gaban mai unguwa.

Batun goma kuwa, ka tuna gem ɗaya tak gare ka, wanda ya girmi iyayen yaran, kuma wayar da kake gyarawa kullum tana ɗauke da ɗaruruwan irinsa. Wata huɗu bai isa ka san ko marmari ne ya kawo su ko za su zauna ba. Yi sati biyu da tikiti da littafi. Idan dare ya kai 6,000 bayan haka, ƙaro biyu daga ribar, masu siririn allo da ba sa cin wuta sosai. Idan bai wuce 4,000 ba duk da kana karɓa da hannunka, ka sayar da uku ka sa teburin cajin waya a gurbinsu. Ɗauki hoton shafukan littafin ka turo min ranar da sati biyun ya cika, mai bashin kuma ka ce masa ka gode.