Tambayoyinku: Mai son kashe matakin ko-ta-kwana, da sauran masu haɗa jirgi a gida

Wannan makon masu haɗa ƙananan jirage marasa matuƙi da hannunsu ne suka cika mini akwati. Na zaɓi biyar. Wanda ya aiko yana tambayar yadda zai ɗaura wayarsa a cikin jirgin don ɗaukar hoton biki, ya yi haƙuri, ina tausayin wayar.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa rasibar ExpressLRS (na'urar da ke karɓar umarnin rimot) da ƙwaƙwalwar jirgi mai manhajar Betaflight. Jirgin yana jin rimot, amma ba na ganin ƙarfin batir a fuskar rimot ɗin. (Daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Waya ɗaya ka manta, ko kuma dalmarta ba ta kama ba. Umarni yana bin waya guda ya shiga jirgi, rahoto kuma yana bin wata ya fito, shi ya sa jirgin ke jin ka amma kai ba ka jin sa. TX (mai aikawa) na rasiba ya tafi RX (mai karɓa) na ƙwaƙwalwa, RX na rasiba kuma ya tafi TX na ƙwaƙwalwa. Kunna Telemetry, wato aika rahoto, a Betaflight, ka shiga shafin rahoto a rimot ka sa ya nemo sababbin na'urori alhali jirgin na kunne. Shi ke nan.

Tambaya: Malam, sau biyu jirgina mai farfela inci 5 yana faɗowa da zarar na zagaya bayan bishiyoyi. An ce Failsafe, wato matakin ko-ta-kwana da jirgi ke ɗauka in sigina ya yanke, shi ne ke kashe shi. Wani abokina ya ce in sa rasiba a kan Hold, ko in kashe abin gaba ɗaya. Ya ake kashewa? (Daga Katsina)

Amsa: Ba zan gaya maka ba. Kuma ka gaishe mini da abokin naka, ka ce masa ya daina ba da shawara.

Ƙanena, bari mu yi lissafi. Hold na nufin idan sigina ya yanke, rasiba ta ci gaba da maimaita umarnin ƙarshe da ta ji. A tsofaffin rasibobi masu tsarin sigina na PPM, ƙwaƙwalwar jirgin ba ta ma san an rabu da kai ba, gani take har yanzu hannunka na kan sanda. To, da wane umarni ka rabu da shi? Totur a sama, hanci a gaba. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa, in saura minti 3 batirinsa ya ƙare, zai iya cin kilomita 3 kafin ya sauko. Abu ne mai nauyin fiye da rabin kilo, da wuƙaƙe huɗu suna juyawa, da batirin da ke iya kamawa da wuta in ya fashe. A ina zai sauka? A kan rufin wani, a tsakiyar kasuwa, ko a kan yaro yana dawowa daga Islamiyya. Faɗuwar da kake kuka da ita, farfela biyu ta ci maka. Waccan kuwa sai an je gaban mai unguwa, in ma an tsaya a nan.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum zai kwana uku yana zaɓen launin fitilun jirgi, amma ba zai ba matakin ko-ta-kwana minti goma ba. A Betaflight mataki biyu ne. Na farko ɗan jinkiri ne, kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi a sababbin fitowa, jirgin yana jira ko sigina zai dawo. In bai dawo ba sai na biyu ya karɓa, kuma zaɓi uku ne a gabanka: Drop ya kashe injina jirgin ya faɗo, Land ya yi ƙoƙarin sauka a hankali, GPS Rescue ya juyo da shi wurin da ya tashi. Drop shi ne yake zuwa a saite, kuma shi ne ya yi maka aikin da aka sa shi. Land ba na son sa ga sabon hannu, domin in ka sa masa totur ya wuce kima, maimakon sauka sama zai yi ta yi.

In kana son jirgi ya dawo, sayi GPS. Amma a nan ma ina da magana. Betaflight yana neman taurarin ɗan'adam 8 kafin ya yarda ka tashi, ni kuwa ina jiran 10 ko fiye. Wurin da ka kunna injina shi ne gida a wurinsa, don haka in ka tayar da shi daga ƙarƙashin darbejiya, can zai nufa. Tsayin da zai hau kafin ya juyo, ka sa shi ya wuce duk abin da ya fi tsawo a filin. Masu manhajar ArduPilot ku ma ku ji: mita 15 ne tsayin dawowa da yake zuwa da shi, kuma hasumiyar sabis ta unguwarku ta wuce haka nesa ba kusa ba. Sannan idan sigina ya dawo ana tsakiyar ceto, sai ka motsa sanduna sosai kafin ya mayar maka da ragama. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su tsaya suna kallo suna salati.

Gwaji kuma dole ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Cire farfela duka huɗu. Na ce duka. Kunna injina, ɗaga totur kaɗan, ka kashe rimot ɗin ɗungurungum. In injinan suka ci gaba da juyawa ba iyaka, jirgin nan bai isa fita ƙofar gida ba. Bayan haka ka ɗora GPS Rescue a kan makunni guda, ka je fili fetal, ka yi nisa kamar mita 100 da tsayi mai kyau, ka danna ka ga abin da zai yi. Ni duk lokacin da na sabunta manhajar jirgi sai na maimaita wannan. Na koya ne da tsada: na taɓa yin yini guda cur ina tattaka gonar gero ina neman jirgi, mai gonar na biye da ni yana ƙirga karan da na karya.

Yanzu ga ainihin ciwonka, wanda ba ka tambaya ba. Me ya sa sigina ke yankewa? Ganye mai ruwa yana shanye siginar 2.4 GHz, jikin jirgi na kabon kuma yana tare ta. Fito da eriya waje, nesa da jiki da batir. Sa LQ, ma'aunin ingancin sigina, a fuskar tabaran da kake kallon hoton jirgi da shi, in ya fara sauka daga 100 ya doshi 70, juyo. In ExpressLRS kake, rage saurin aika umarni daga 500 Hz zuwa 150 Hz: na farkon yana kurmancewa in ƙarfin sigina ya sauka wajen -105 dBm, na biyun sai -112, wato ya fi jin sigina mai rauni. Ba tseren duniya kake ba, yatsunka ba za su ji bambancin ba.

Tambaya: Rediyon SiK ɗina, mai haɗa jirgi da kwamfuta, ya ƙi haɗuwa da manhajar Mission Planner, koren fitila sai ƙiftawa take.

Amsa: Ƙiftawa na nufin rediyo ɗaya tana neman 'yar'uwarta (ɗaya a jirgi, ɗaya a kwamfuta) ba ta samu ba. Duba ko duka biyun zango ɗaya ne, don mai 433 MHz ba ta magana da mai 915. Lambar Net ID ta zama ɗaya, 25 suke zuwa da ita. In fitila ta tsaya cak, zaɓi saurin sadarwa 57600 a Mission Planner ka haɗa. Kada ka sake ba ta wuta babu eriya.

Tambaya: Batirina 4S ne a kan ArduPilot. Ya ƙare ƙarƙaf a sama, jirgin bai dawo ba, bai ma yi kuka ba. (Daga Maraɗi)

Amsa: Matsalar ita ce ka bar BATT_LOW_VOLT, iyakar ƙarfin batir da jirgi zai yi kuka a kanta, a kan volt 10.5, wanda lissafin batir mai ɗaki uku ne. Naka mai ɗaki huɗu ne, cikarsa 16.8, kafin ya kai 10.5 ai an yi masa sallah. Sa 14.0, wato 3.5 kowane ɗaki. BATT_FS_LOW_ACT kuma, matakin da jirgi zai ɗauka in batir ya kai iyakar nan, yana zuwa ne a kan sifili, ma'ana kada a yi komai. Mayar da shi 2 ya dawo gida, ko 1 ya sauka inda yake. Auna batirin da mita ka gwada da abin da allo ke nunawa, sau da yawa ba sa daidai. Ka kuma daina barin batir a cikin mota da tsakar rana a watan Afrilu.

Tambaya: Tunda ni na haɗa abina, ina buƙatar izini?

Amsa: A Najeriya tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ce ba a tayar da jirgi mara matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma ba ta ware na haɗin gida ba. Ka nisanci filin jirgi da bariki. Sojan da ke bakin ƙofa ba zai tambaye ka wa ya yi maka walda ba.