In sayi kafson da ke "toshe ƙofa" don ciwon hanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. A wajen awon ciki aka ce ina da ciwon hanta nau'in B. Sai na ga talla a WhatsApp ta wani kafso, wai feftayid ne, yana toshe wa ƙwayar cutar ƙofa. Maigidana ya ce zai fitar da buhun shanshera biyu ya saya min. In yarda? Daga wata baiwar Allah, Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Ki ce wa maigida ya bar shinkafarsa a rumbu.

Maganar toshe ƙofa tana da tushe, a nan masu tallar suka fake. Ƙwayar cutar ba ta hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin hanta, ta wata ƙofa da masana ke kira NTCP. Sai masanan suka kwaikwayi ɗan guntun rigar ƙwayar, wanda da shi take kama ƙofar, suka yi magani da ke riga ta zama a wurin. Sunansa bulevirtide, kuma feftayid ne. Turai ta amince da shi a 2020, amma don nau'in D, wanda ba ya kama kowa sai mai ɗauke da B. Kafinsa an yi wani feftayid, enfuvirtide, na cutar ƙanjamau, wanda Amurka ta amince da shi a 2003.

Ki lura da wannan: dukansu allura ne. Na hanta kullum sau ɗaya, kuma a firji yake kwana. Na ƙanjamau sau biyu a rana, har wurin allurar yakan yi kulu. Dalili kuwa, feftayid ɗan guntun furotin ne, irin na nama da wake, in an haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar tuwo. To kafson da aka ɗauko a but ɗin mota, ya sha ranar tasha, wace ƙofa zai toshe? Abin da ya fi damuna, ba wanda ya san abin da aka ɗura a ciki, ga ki da juna biyu.

Ku kai kuɗin asibiti, a Argungu ko Birnin Kebbi, a auna yawan ƙwayar a jininki da lafiyar hantar. In ƙwayar ta yi yawa, likita zai iya ɗora ki kan maganin tenofovir don kare abin da ke cikinki. Ki haihu a asibiti, a yi wa jaririn allurar rigakafi cikin awa 24. Maigida da sauran yaran su ma a gwada su, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafin.