Ka je bitar nan, ɗan'uwa, ni ma na taɓa cewa ɓata lokaci ce

Wa'alaikumus salam. Malam, tambayarka ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ka ce buhu 11 ka samu a hekta ɗaya ta masara bana bayan ka zuba taki buhu biyar, yanzu kuma ana kiran bitar manoma ta kwana uku cikin sanyin nan, ba kuɗin zama, kuɗin mota ma daga aljihunka, kana tambaya ko za ta tsinana maka wani abu. Na karanta sau biyu, don wallahi kamar ni ne na rubuta a 2017.

A waccan shekarar gona biyu na haɗa a wajen Tudun Wada, tawa da wadda na karɓa haya. Na ci bashin taki. Iri kuma na saya a hannun wani mutum a kasuwa wanda muka shekara bakwai muna ciniki, ina kiransa Alhaji, yana tambayar 'ya'yana da sunayensu. Ya ba ni iri a leda mai kyau, jajawur da shi, ya rantse min mai aure ne, wato wanda aka haɗa jinsin masara biyu aka fitar, daga kamfani. Na shuka. Kwana takwas ina zagaya kunya-kunya, rami ɗaya ya fito, uku shiru. Na tona na ga ƙwayar ta ruɓe. Wadda ta fito ma wata doguwa wata gajera, kamar ba daga leda ɗaya ba. Daga baya na gane masarar ci ce aka rina aka ɗinke. Da na koma wurinsa ko kujera bai ba ni ba. Ya ce ƙasata ce ta gaji, ko kuma na zurfafa shuka, ya juya yana sallamar wani. A gaban mutane fa. Na tsaya a bakin rumfar nan da ledar a hannu har na rasa ta inda zan fita. Ban yafe ba, ba zan ɓoye muku ba. Ɗan abin da ya rage kuma tsutsar nan da ta shigo ƙasar a 2016 ta shiga cikin kan masara ta yi kaca-kaca da shi, ina ta feshi da tsakar rana ina asarar magani. Da kaka ta zo, awakin uwargida guda huɗu aka sayar aka biya bashi. Ba ta ce min komai ba, kuma shirun nan ya fi min ciwo. Auren 'yata da aka sa bayan kaka sai da aka ɗaga shi shekara guda.

Cikin watan Janairu na 2018 wani maƙwabcina ya ja ni bita, ina tirjewa, ina cewa shekara ashirin ina noma wane ɗan boko zai koya min riƙe fartanya. Abu na farko da malamin gona ya yi: ya ƙirga ƙwaya 100, ya shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara, ya ce a riƙa yayyafa ruwa, bayan mako ɗaya a ƙirga nawa suka tsiro. In ba su kai 85 ba, ka yi hattara da irin. Na sunkuyar da kai. Abin da ba ya cin ko kwabo, da na san shi da na kama mutumin nan tun ruwa bai sauka ba. Wannan kaɗai ya biya min kuɗin motata. Yanzu ma akwai tambarin hukumar iri ta ƙasa, NASC, a jikin ledar iri na gaskiya, ka kankare ka tura lambar ta waya a tabbatar maka. Kada ka ji kunyar yin haka a gaban mai rumfa, ko wane ne shi.

Takin ka buhu biyar, yaya ka zuba shi? Ina kyautata zaton watsawa ka yi a gindi ka tafi, yadda duk muka gada. Yuriya in ta zauna a saman ƙasa rana na dukanta, ƙarfinta iska yake bi, in ruwa mai ƙarfi ya zo kuma ya kwashe sauran. Aka nuna mana: ka soka rami da sanda kamar yatsa huɗu daga gindi, ka zuba da marfin kwalbar lemo, ka rufe. Kamfa, wato takin NPK, cikin mako biyu na farko bayan shuka, yuriya wajen mako huɗu zuwa biyar, ƙasa da danshi kuma ba ciyawa. Aiki ne mai cin baya, yarana har ƙorafi suke, amma takin da ka saya da tsadar nan ba na zubarwa ba ne. Sai tazara: santimita 75 tsakanin kunya, 25 tsakanin rami, tsiro ɗaya a rami. Hekta za ta ɗauki tsiro wajen 53,000. Da na je na ƙirga tawa yadda na saba shukawa, ko rabi ba na kaiwa, ga ramuka masu tsiro huɗu suna ƙwacen abinci.

Ka duba min gonarka, akwai wuta-wuta, ciyawar nan da ke maƙale wa saiwar masara tana tsotse ta? In akwai, ka tambayi malaman bitar SAMMAZ 15, irin da aka fitar daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, yana jure mata, kuma shi kana iya ajiye irinsa ka sake shukawa shekara biyu, ba kamar mai aure ba da dole kowace shekara ka sabunta. Ni waken suya na sa a gonar da ta fi cinyewa, shekarar da ta biyo baya na maida masara. Feshin tsutsa kuma da sassafe ko da yamma lis, ka nufi cikin kan masarar inda take ɓuya, tun tana ƙarama.

Ba kowace bita ce ta kirki ba, na halarci wadda turanci aka yi ta zubawa aka ɗauki hoto aka watse. Ka tambaya tun yanzu: da Hausa za a yi? Za a fita fili a riƙe igiya da sanda? In eh ne, tafi. Ka ɗauki littafi da biro, in rubutu na ba ka wuya ka tafi da yaronka. Yanzu ne lokacin da kanka ke da sarari, in ruwa ya sauka ba mai zaman sauraron kowa. Kuma kada ka juye gonar duka lokaci guda. Ni kwatar eka na ware na yi yadda aka ce, na bar sauran yadda na saba, da kaka na auna da idona. Bara buhu 38 na ɗaure a hektar da ta kunyata ni.

Mai irin nan har yanzu yana rumfarsa, bazarar da ta wuce na ga wani yaro matashi ya fito daga wurinsa da jar leda a kafaɗa. Na bi shi har bakin tasha, na ce ya ƙirga ɗari ya jiƙa kafin ya shuka.