Launin Bidiyona Yana Rarrabuwa Layi-Layi, Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, ina haɗa wa masu hidimar alhazai da masu Umara gajerun bidiyon talla. Kwanan baya na yi wani wanda bangonsa ya taso daga shuɗi mai duhu ya gangaro zuwa ruwan goro, kamar faɗuwar rana a gaɓar Bahar Maliya. A cikin manhajar haɗa bidiyo ta After Effects sumul yake, amma da na fitar da shi na tura wa mai aikin ta WhatsApp, sai launin ya rarrabu kamar matakalar bene.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tushen matsalar ƙarancin matakan launi ne. Bidiyo mai bit 8 (bit shi ne ma'aunin zurfin launi a fayil) yana da matakai 256 kacal ga kowane ɗaya daga cikin ja, kore da shuɗi, alhali mai bit 10 yana da 1024. Ka ƙaddara shuɗinka ya sauya da matakai 20 daga saman allo zuwa ƙasa, a hoto mai tsayin ɗigo 1080. Kowane mataki zai mamaye ɗigo 54, kuma wannan faɗin ya isa ido ya ga inda wani ya ƙare wani ya fara. Abin ya fi muni a wuraren duhu, domin can ne manhajar matse fayil ta fi zubar da bayanai.

Da farko ka sauya saitin aikinka a After Effects daga bit 8 zuwa 16, domin lissafin launi ya samu sarari. Sai dai wannan kaɗai ba ya wadatarwa, tunda yawancin fayilolin H.264 (wani tsarin matse bidiyo) da ake yawo da su bit 8 ne.

Maganin da na fi amincewa da shi, ko da yake yana ba sababbin shiga mamaki, shi ne ka ƙara wa bangon ɗan tsaki-tsaki da gangan, wato abin da manhajar ta sa wa suna Noise, kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Waɗannan ƙananan ɗigogi suna cakuɗa bakin kowane mataki da na kusa da shi, har ido ya kasa gane iyakarsu. Ka sa shi a sama da duk wani gyaran launi, kada ka cika hannu, domin idan ya yi yawa hoton zai yi kamar an watsa masa yashi.

Wajen fitarwa, ka ajiye uwar fayil a ProRes 422 mai bit 10, tsarin da ba ya matse bidiyo sosai, daga ita ka ciro kwafin H.264, ka ba shi wadataccen adadin bayanai a kowace daƙiƙa. WhatsApp kuwa yana sake matse bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba, yana share tsaki-tsakin nan da ka wahala a kansa, saboda haka ka tura wa mai aikin a matsayin takarda, wato Document, yadda fayil ɗin zai isa gare shi ba tare da an taɓa shi ba.